Aljabara Da Haƙƙin Maraya: Ina Muka Baro Lissafin Alkhawarizmi?

A watan Oktoba na shekarar 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwar cewa ba dole ba ne ɗalibin da zai karanci fannonin adabi ya sami kiredit a lissafi kafin a ba shi gurbi a jami'a, ko da yake daga baya ta fayyace cewa kowane ɗalibi sai ya zauna jarrabawar darasin. Ba a rufe wata guda sosai ba, a cikin Nuwamba, sai Ministan Ilmi Dokta Tunji Alausa ya bayyana soke manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa, wadda aka amince da ita a 2022. An yi ta muhawara a kan kowanne daga cikin matakan nan biyu, amma daban-daban, kamar babu abin da ya haɗa su. Ni kuwa a ganina ɗanjuma ne da ɗanjummai. Na farko ya rage wa yaro dalilin dagewa a kan lissafi, na biyu kuma ya toshe hanya mafi sauƙi ta fahimtar da shi. Domin kada maganar ta tsaya a sama, zan ɗauki darasi guda ɗaya tak daga manhajar ƙaramar sakandare, in nuna wa mai karatu abin da muke asara idan muka bar shi ya wuce 'ya'yanmu.

Darasin shi ne na lissafin daidaito wanda adadin da ake nema yake fitowa fiye da sau ɗaya a cikinsa. Alal misali, a ce 5x − 4 = 2x + 11. Yaro yakan yi ta tafiya lafiya muddin x ɗin nan guda ɗaya ne, domin zai iya bin sawu da baya har ya cim masa. Amma da zarar ya ga x a hagu, ya kuma gan shi a dama, sai ido ya raina fata. Duk malamin lissafi mai gaskiya zai shaida cewa a daidai wannan mararraba ce ajinsa yake rabewa gida biyu, wato 'yan ƙalilan da suka gane, da kuma mafi yawa da za su ci gaba da haddar abin da ba su fahimta ba har ranar da za su shiga ɗakin jarrabawar WAEC ko NECO.

To, me ake koya musu? Ana koya musu wata ƙa'ida da ake rerawa da Turanci kamar karatun aku, wai duk abin da ya haye alamar daidai sai ya canza alama. Da wannan sai yaro ya kwaso 2x ya kawo hagu, ya tura 4 dama, ya sami 3x = 15. Har nan babu laifi. Sai dai mataki na gaba shi ne yake tona asiri, domin yaron da aka ce wa abin da ya haye yana canza alama, zai ɗauki 3 ɗin nan ya hayar da ita, ya rubuta 15 − 3, ya ce amsa 12 ce. Wani kuma ya raba 15 da −3. Malam ya ja jan biro, ya ce yaro daƙiƙi ne, alhali yaro bai yi komai ba sai biyayya ga abin da aka gaya masa. Gaskiyar magana ita ce babu wani adadi da yake hayewa ko'ina. Abin da yake faruwa shi ne ana da sikeli mai tafi biyu da suka yi daidai, kuma duk abin da aka yi wa tafi ɗaya dole a yi wa ɗayan, in ba haka ba awo ya karkace. Ka ɗebe 2x daga kowane ɓangare, ka ƙara 4 a kowane ɓangare, ka raba kowane ɓangare gida 3, sai x ya tsaya a kan 5. Ka mayar da 5 ɗin cikin tambaya ka gani: 21 a hagu, 21 a dama. Yarinyar da ta taɓa tsayawa a gaban mai awon shinkafa a kasuwa ta riga ta san wannan ƙa'ida tun kafin ta sa ƙafa a aji, mu ne muke mantar da ita.

Wani zai ce, to don yaro ya kasa wannan sai me? Ai ba kowa ne zai zama injiniya ba. Wannan ita ce maganar da nake so mu tsaya a kanta, domin mu da muke kiran kanmu 'yan boko, masu ofis da kwangila da filaye, mu ne muka fi kowa faɗawa cikin ramin.

Ɗauki mutumin da yake da fili, yana son ya sayar, kuma abin da yake so ya shigo aljihunsa shi ne N900,000 cif. Dillali ya ce la'adarsa kashi 10 cikin 100 na kuɗin da aka sayar. Nawa za a sa wa filin? Mafi yawanmu za mu ce a ɗora kashi 10 na N900,000, wato N90,000, a sa N990,000. Ranar biya dillali zai zare kashi 10 na N990,000, wato N99,000, mai fili ya tashi da N891,000. Naira 9,000 ta yi ɓatan dabo, daga nan sai zargi da rantse-rantse, alhali babu wanda ya cuci wani. Abin da ya faru shi ne farashin da ake nema ya fito sau biyu, sau ɗaya a matsayin farashi, sau ɗaya kuma a cikin la'adar da ake cirewa daga jikinsa. Farashi daidai yake da N900,000 da ushirin farashi. Ɗebe ushirin daga ɓangarorin biyu, sai ya zama kashi 9 cikin 10 na farashin shi ne N900,000, farashi ke nan N1,000,000.

Haka abin yake a harajin VAT, wanda aka ɗaga daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100 a shekarar 2020. Idan takardar biya ta nuna N1,075,000 har da haraji a ciki, harajin N75,000 ne, domin asalin kuɗin kaya N1,000,000 ne. Amma akawun da bai ƙware ba zai buga kashi 7.5 a kan jimlar gaba ɗaya, ya fitar da N80,625, ya zaftare wa ɗan kwangila N5,625 ba bisa ƙa'ida ba. A kwangilar miliyan ɗari, sai mai karatu ya ninka da kansa.

Duk wannan kuɗi ne, ana iya yafewa. Akwai inda ba a yafewa da sauƙi, shi ne rabon gado, kuma a nan ne tarihin wannan ilmi ya haɗu da mu kai tsaye.

Kalmar nan aljabara da yaranmu suke ji gabansu ya faɗi, ba ta Turawa ba ce. Ta fito ne daga sunan littafin da Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajejen shekarar 820, a zamanin Halifa Ma'amun, mai suna Al-Kitabul Mukhtasar fi Hisabil Jabri wal Muƙabala. Jabru shi ne ɗori, kamar yadda maɗori yake ɗora karaya: idan akwai ragi a ɓangare ɗaya, sai a cike shi ta hanyar ƙara daidai wannan adadi a ɓangarorin biyu. Muƙabala kuwa ita ce fuskantar da ɓangarorin da juna, a soke abin da suka yi tarayya a kansa. Idan mai karatu ya lura, aikin nan biyu su ne daidai abin da muka yi wa 5x − 4 = 2x + 11 a sama: ƙara 4 jabru ne, ɗebe 2x muƙabala ce. Wato sunan fannin kacokan ya samo asali ne daga dabarar warware lissafin da abin nema ya maimaitu a cikinsa. An fassara littafin zuwa Latin a shekarar 1145 ta hannun Robert na Chester, daga nan ya shiga makarantun Turai, har sunan mawallafin ya rikiɗe ya zama kalmar da masu ilmin kwamfuta suke amfani da ita a yau wajen nufin jerin matakan warware matsala.

Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, kaso mai tsoka na wannan littafi, kusan rabinsa, a kan wasiyya da gado da bashi yake. Mutumin ya rubuta shi ne don alƙalai da masu rabon gado da 'yan kasuwa da masu awon ƙasa. Bari in ƙirƙiro misali irin na zamaninmu don a ga dalili.

Wani bawan Allah ya rasu ya bar 'ya'ya maza uku, babu wani magaji bayansu. Ya yi wasiyya da humusin dukiyarsa ga wani maraya da ya riƙa. Bayan an yi jana'iza an biya basussukan da ake binsa, abin da ya rage a hannu Naira miliyan 5 da rabi ne. Sai dai mamacin yana bin ɗaya daga cikin 'ya'yan nasa bashin Naira miliyan 4, ɗan kuwa a halin yanzu ba shi da ko sisi. Yaya za a raba abin da yake ƙasa? Abin da zai fara zuwa zuciya shi ne a cire humusin kuɗin hannu, wato miliyan 1.1, a ba maraya, a raba sauran miliyan 4.4 tsakanin 'ya'ya biyun da ba a bin su bashi, kowa ya ɗauki miliyan 2.2, shi kuma mai bashi a ce rabonsa yana wuyansa. Kowa zai tashi yana ganin an yi adalci. Amma an ci haƙƙin maraya, domin rabon da aka bar wa mai bashi a wuyansa shi ma dukiyar mamaci ce, kuma maraya yana da humusi a cikinta.

To nawa ne rabon mai bashin? Ba za a san shi ba sai an san jimlar dukiyar da ake rabawa, jimlar kuma ba za ta sanu ba sai an san rabon nasa. Ga alama an shiga zagayen da ba shi da ƙofa. A nan ne magabata suka kawo dabara, suka ce a kira abin da ba a sani ba da suna, su sukan ce masa shai'un, wato abu, a yi ta aiki da shi kamar an san shi. Dukiya ita ce miliyan 5.5 da abu. A cire humusi, a raba sauran gida uku, kowane ɗa zai sami kashi 4 cikin 15 na miliyan 5.5 da abu, kuma wannan rabo shi ne abun da kansa. A ninka ɓangarorin biyu da 15, sai miliyan 22 da abu 4 su yi daidai da abu 15. A yi muƙabala, a soke abu 4 daga kowane ɓangare, sai abu 11 ya yi daidai da miliyan 22. Abu miliyan 2 ne ke nan. Saboda haka dukiyar da ake rabawa yau miliyan 7.5 ce, maraya yana da miliyan 1.5, 'ya'ya biyu kowa miliyan 2, kuɗin hannu ya ƙare cif, mai bashi kuma an sauke masa miliyan 2 daga wuyansa. Sauran miliyan 2 da ake binsa, duk ranar da Allah Ya hore masa sai a raba su bisa wannan kaso, har da shi a ciki. Bambancin rabon farko da na biyu ga marayan nan N400,000 ne.

Hukuncin shari'a na malaman fiƙihu ne, ba ni da ta cewa a cikinsa. Amma bayan malami ya faɗi kason kowa, fitar da adadin aikin lissafi ne, kuma lissafin shi ne wannan da ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare yake gudu. Ina tambaya, magatakardan kotunanmu nawa ne, lauyoyinmu nawa ne, manyan gida nawa ne da ake kira su zauna rabon gado, za su iya fitar da miliyan 2 ɗin nan ba tare da lalube ba? Waɗannan kuwa galibinsu daga ajin adabi suka fito, ajin da yanzu ake nuna wa cewa lissafi ba nasu ba ne.

Na san hanzarin da za a kawo. Na farko, za a ce yanzu zamanin wayar hannu ne, akwai manhajojin da za ka ɗauki hoton tambaya su ba ka amsa nan take. Gaskiya ne, amma na'ura tana warware abin da aka rubuta mata ne kawai. Wanda bai lura cewa la'ada tana cikin farashi ba, ko rabon mai bashi yana cikin dukiya ba, tambayar da ba daidai ba zai ba ta, ita kuma ta ba shi amsar da ba daidai ba cikin gaggawa da tsabta. Wahalar ba a rabawa da ninkawa take ba, tana wajen gane cewa abin da kake nema yana ɓoye a wuri biyu.

Hanzari na biyu ya fi nauyi, wai Hausa ba ta da kalmomin lissafi, don haka dole sai da Turanci. Ina roƙon masu wannan ra'ayi su tuna cewa Alkhawarizmi bai yi amfani da alama ko ɗaya ba a littafinsa, da zance zalla ya rubuta shi, yana aron kalmomin kasuwa irin su abu da dukiya da dirhami. Alamar daidai mai layi biyu ba ta bayyana ba sai a 1557 a hannun Robert Recorde, ɗabi'ar amfani da x da y da z kuwa ta yaɗu ne bayan littafin Descartes na 1637. Shekaru fiye da 700 ke nan ana aljabara kafin alamar daidai ta zo. Harshen da yake da sulusi da rubu'i da humusi da sudusi da sumuni da ushiri, yake da riba da faɗuwa da uwar kuɗi da la'ada da ragi da cikon awo, ba za a ce masa ya rasa abin da zai bayyana 3x = 15 da shi ba. Ga shi ma yanzu mun warware matsalar gado sukutum da Hausa, ban ji inda harshen ya gaza ba. Ba ina cewa a jefar da Turanci ba ne, jarrabawa da shi ake yi, littattafan jami'a da shi aka rubuta. Cewa nake a fara shigar da ma'ana da harshen da yaro yake tunani da shi, sannan a ɗora masa alamomi da kalmomin Turanci a kai. An gwada irin wannan a ƙasar Yarbawa, a shirin firamare na shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970, kuma yaran da aka koyar da Yarbanci ba su kasa takwarorinsu ba.

Kada kuma wani ya raya cewa lissafi baƙo ne a ƙasar nan. Muhammad bin Muhammad Al-Fulani Al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya yi rubutu a 1732 a kan hanyoyin tsara lambobi a cikin hatimi yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 yana malamin da ake girmamawa. A zamanin boko ma mun ga Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi daga Adamawa, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978. Zaurukanmu kuwa ba su taɓa daina karantar da ilmin fara'id ba. Abin takaici shi ne an gina katanga tsakanin zauren da ajin, malamin gado bai san cewa abin da yake yi shi ake kira aljabara a makarantar boko ba, malamin lissafi kuma bai san cewa babin da yake wahalar koyarwa an rubuta shi ne tun asali don warware matsalar zauren ba.

Wani hanzari ba gudu ba, ba kowane lissafi irin wannan ne yake warwaruwa da jabru da muƙabala ba, kuma ya kamata a gaya wa ɗalibi haka tun da wuri. Wani lokaci abin nema yakan soke kansa gaba ɗaya, kamar 2x + 3 = 2x + 5, a bar ka da 3 daidai da 5, abin da yake nufin tambayar ba ta da amsa. Wani lokaci kuma gaggawa takan jawo asara, kamar wanda ya ga x² = 5x ya raba da x, ya sami 5, ya manta sifiri ma amsa ce. Akwai kuma wanda babu wata dabarar tattarawa da za ta fitar da shi, sai dai a yi ta gwaji ana matsowa kusa. Misalin da ya shafi ma'aikaci shi ne bashin da ake cira daga albashi. An ba ka N100,000, za ka riƙa biyan N10,000 duk wata har wata 12, aka ce maka ruwan kashi 20 ne cikin 100. Amma ai ba ka riƙe N100,000 ɗin shekara guda ba, tun daga watan farko ka fara mayarwa. Idan aka nemi ainihin ruwan, wanda yake fitowa sau 12 a cikin lissafin, sai a tarar ya kusa kashi 2.9 a wata, wato wajen kashi 35 a shekara. Mai gudun riba don addini da mai gudunta don aljihu, duka biyun suna da bukatar su san wannan kafin su sa hannu a takarda.

Abin da nake nema bai kai a kira taron ƙasa ba. Manufar harshe da sharuɗɗan shiga jami'a suna hannun Abuja, amma abin da malami yake faɗa a gaban allo a Gusau ko Azare yana hannun hukumomin ilmi na jihohi da kwalejojin horon malamai. Su hana rera waƙar hayewa da canza alama, su sa a shigo da sikeli aji, ko da na gwangwani da zare ne. A sa misalan la'ada da haraji da kason abokan kasuwanci a cikin darasi, domin su sun shafi kowane yaro, Musulmi da Kirista. A tilasta wa ɗalibi mayar da amsarsa cikin tambaya ya gani da idonsa ko ta zauna, a kuma ba shi maki a kan wannan. Makarantun Islamiyya da sassan shari'a na jami'o'inmu su haɗa darasin fara'id da mako biyu ko uku na jabru da muƙabala, malamin lissafi ya shigo ya koyar, malamin fiƙihu yana zaune.

Mu kuma iyaye da muke biyan kuɗin makaranta masu tsada muna jiran sakamako, akwai gwajin da bai fi minti biyar ba. Yau da dare a kira yaron da yake sakandare, a ajiye littafi gefe, a ba shi labarin mai fili da dillali da Hausa, a tambaye shi nawa za a sa wa filin. Idan ya ce N990,000, sai a nemi ganin malamin lissafinsa a cikin makon nan.